BABI NA UKU: GIDAN TARIHIN KANTA NA ARGUNGU DA MATSAYIN KAYAN YAƘI A ZARIYA

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an kawo bayanin makaman Hausawa na gargajiya, da sunayensu, da masu sana'ar yin su. Shi kuwa wannan babi zai duba yadda al'umma kan tattara irin waɗannan kaya ta ajiye su wuri guda, inda kowa zai iya shiga ya gani, watau gidan adana kayan tarihi. An zaɓi Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu ya zama abin misali, saboda daga cikin masarautar ya tsiro, kuma kayan yaƙi su ne suka fi fice a cikinsa. Bayan haka za a waiwayo Zariya, musamman Tudun Wada, a ga ko hanyar da Kabawa suka bi za ta ɓulle a nan. Abin da babin ya fi mayar da hankali a kai shi ne mallaka, watau kayan na wane ne, kuma a hannun wa mai su zai yarda ya damƙa su.

3.1 KABI DA YAƘE-YAƘENTA

Ba za a fahimci abin da ke cikin wannan gida ba sai an san halin da Kabawa suka shiga. Muhammadu Kanta shi ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songai wajen 1516. Shi ya gina birnin Surame, wanda kufansa da ragowar ganuwarsa suna nan har yanzu. Daga baya mazaunin sarki ya koma Birnin Kabi.

A cikin 1805 rundunar jihadi, a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wasu Kabawa suka miƙa wuya, wasu kuma suka ci gaba da turjiya. Bayan Hodi sai Sama'ila Karari ya ɗauki tutar, shi ma aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna shekara 18. A cikin 1849 Nabame ya ɓalle, aka naɗa shi Sarkin Kabi, Argungu ta zama cibiyarsa. Tun daga wannan lokaci har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu ba su sami galabar mayar da Argungu ƙarƙashinsu ba. An sami ɗan sarari a zamanin Sarki Abdullahi Toga, daga 1867 zuwa 1875, wanda ake kira Lafiyar Toga, sa'an nan faɗa ya koma sabo. Hogben da Kirk-Greene (1966) sun kawo jerin waɗannan yaƙe-yaƙe filla-filla.

Ke nan mutanen Argungu sun shafe kimanin rabin ƙarni suna kwana da makami a kusa. Mashi da takobi da kwari da baka su ne shaidar cewa garin ya tsira da sarautarsa.

3.2 YADDA FADA TA ZAMA GIDAN TARIHI

Ginin da gidan tarihin yake ciki tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, tana daura da babbar kasuwar Argungu. Akan ambaci 1831 a matsayin shekarar gina ta, a kuma danganta ginin ga Yakubu Nabame. Akwai abin lura a nan, domin 1831 ita ce shekarar da aka kama Nabame, bai kuwa hau gadon sarauta ba sai 1849. Ko wacce aka ɗauka, ginin ya fito ne daga shekarun da Kabawa ke fafutukar sake kafa kansu. Sarakuna sun ci gaba da zama a cikinta har 1942, lokacin da aka gina sabuwar fada. Bayan shekara 16, ranar 1 ga Yuli, 1958, aka buɗe tsohuwar a matsayin gidan tarihi, aka sa mata sunan Kanta. An kasa gidan gida 11. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da layu da gangunan yaƙi. Har ila yau a cikin harabar gidan ne kaburburan sarakunan Argungu suke.

Idan aka dubi lokacin, za a ga ya zo daidai da zamanin da Hukumar Kayan Tarihi ta Turawan mulkin mallaka ke buɗe nata gidajen. An buɗe na Esie a 1945, na Jos a 1952, na Legas a 1957. Sai dai waɗancan sun fi karkata ga kayan sassaƙa da na tono, irin su kawunan Nok da na Ife, kuma a na Jos da na Legas ma'aikata ne suka yawata suka tattaro kayan daga wurare daban-daban. A Argungu kuwa kayan ba su yi tafiya ba. Suna garin da aka yi amfani da su, a cikin gidan da aka shirya yaƙe-yaƙen, kusa da kaburburan waɗanda suka jagoranci rundunonin. Mutumin gari da ya shiga ba ya jin an raba shi da kayan kakanninsa, tun da yake gidan sarki dama gidan kowa ne a al'adar Bahaushe.

Wani abin da ya taimaka shi ne hucewar gaba. A cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su a bakin kogi, wanda shi ne aka ɗauka mafarin bikin kamun kifi na yanzu. Wannan ziyara ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi a idon jama'a. Shekara 24 bayan haka aka buɗe gidan tarihin. A ra'ayin wannan nazari, da wuya a iya baje mashin da aka soki maƙwabci da shi alhali jikokinsa na jin zafin abin. Sai da makamin ya tashi daga matsayin abin tsokana kafin ya zama abin kallo.

Ya kamata a kwatanta wannan da Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda gwamnatin soja ta kafa a 1985. A can akwai jiragen sama da motocin yaƙi da makaman da Biyafara ta ƙera a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Gwamnati ce mai kayan, ita ce mai filin, ita ke biyan ma'aikata, saboda haka maganar neman yardar wani ba ta taso ba. Al'ummar da ke son kafa nata gidan ba ta da wannan gata.

3.3 KAYAN SARAUTA DA KAYAN GADO

A nan ne ƙashin bayan maganar yake. Tsofaffin makamai a ƙasar Hausa iri biyu ne ta fuskar mallaka. Akwai kayan sarauta, irin su tambura da kakaki da takobin naɗi da tuta da sulken da ke ma'ajiyar fada. Waɗannan ba na sarki ba ne shi kansa, na kujerar ne. In sarki ya rasu ba a sa su cikin rabon gado, wanda ya gaje shi ya tarar da su, ya bar wa na bayansa. Akwai kuma bayin sarki da fadawa waɗanda aikinsu ke nan kula da su. Ashe tun kafin a san dokar amintattu ta zamani, fada tana riƙe da kayanta a bisa tsarin amana.

Na biyu su ne kayan gado, watau takobin kaka ko garkuwarsa ko rigarsa ta layu da ke rataye a ɗakin wani magidanci. Su waɗannan dukiya ce kamar kowace dukiya. In mai su ya rasu sai a yi musu kuɗi a sa cikin rabo. Takobi ba ya rabuwa gida bakwai, don haka ko dai ya faɗa rabon mutum ɗaya, ko a sayar a raba kuɗin. Bayan rabo biyu ko uku, sai a tarar kube yana wannan gida, ruwan takobin yana wancan, wanda ya san labarinsa kuma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da magada suka bari, yanayi ya ƙarasa shi. Tsatsa na cin ƙarfe, gara na cin kota da baka, asu na cin lifidi, fatar garkuwa kuma ta bushe ta tsage. Ga dillalan kayan da, masu bi gida-gida suna saye da araha. Wasu magadan kuma suna ƙyamar layu da guraye saboda dalilin addini, sai su ƙone su ko su binne, ba tare da an buɗe an ga abin da aka rubuta a ciki ba.

Sa'ar da Argungu ta yi ita ce, ginin da tushen kayan duk suna ƙarƙashin sarauta. Hukuma ɗaya ce ke da ikon cewa a buɗe, kuma hukuma ce da jama'a suka riga suka yarda da ita.

3.4 HALIN DA AKE CIKI A ZARIYA

Tarihin yaƙi a Zariya ya fi na garuruwa da yawa faɗi, amma a warwatse yake a hannu uku.

Hannu na farko shi ne fada. Ganuwar birni da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, su ne mafi girman abin da ya rage, kuma al'ada tana danganta yaɗuwar gina ganuwa ga Sarauniya Amina. Smith (1960) ya nuna yadda sarautu irin su Madaki suke da alhakin runduna, da kuma yadda Sarki Yero ya kafa ƙungiyar 'yan bindiga a ƙarshen ƙarni na 19. Ragowar wannan tsari shi ake gani a hawan salla da hawan bariki da hawan daushe, inda 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan baka da 'yan bindiga ke fitowa. Hawa ya raya sunayen kayan da yadda ake sa su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma hawa yana son sabon abu mai ƙyalli. In lifidi ya tsufa sai a ɗinka wani, tsohon kuwa, wanda shi ne mai tarihin, a jefa shi a zaure.

Hannu na biyu shi ne bariki. Alaƙar Hausawa da aikin soja na zamani ta faro tun 1863, lokacin da John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a Legas wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa. A 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, Hausa kuma ta zama harshen bariki. Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau, wanda suka tuɓe suka kai Lakwaja. Daga Zariya ne Kanar Morland ya tashi da rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A 1924 aka kafa makarantar horar da kuratan soja, wadda aka fi sani da Daffo, a 1954 kuma aka buɗe makarantar soja ta yara.

Sunan barikin kansa, watau Chindit, tarihi ne. A yaƙin duniya na biyu, wanda Hausawa ke kira Yaƙin Hitila, an kai sojojin Nijeriya Gabashin Afirka, inda suka shiga Magadishu a 1941, sa'an nan aka kai su Bama, ƙasar da ake kira Miyanma tun 1989. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma ce ta je can, ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ne, an ɗauko shi daga tatsuniyoyin mutanen Gana, kuma Bahaushen soja ba ya bukatar a gaya masa wane ne Gizo. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo, saboda dubban sojojin da aikinsu shi ne ɗaukar kaya a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga. An ware bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya aka haɗa su da dakarun Janar Wingate, waɗanda ake sauke su ta jirgin sama a bayan dagar Japanawa. Su ake kira Chindit, daga sunan wata dabba mai kama da zaki da ake ginawa a ƙofar wuraren ibada na Bama. Rundunar soja tana adana nata tarihin, sai dai tarihin runduna ne da tutocinta da manyan hafsoshinta, kuma yana bayan ƙofar da farar hula ba ya shiga sai da dalili.

Hannu na uku, wanda ya fi shafar wannan nazari, shi ne gidajen mazan jiya. Tudun Wada unguwa ce da ta tashi a zamanin Turawa a wajen ganuwa, ta bakin Ƙofar Doka, don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birni ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai da almajirai suka cika ta, kuma irin waɗannan unguwanni, da Sabon Gari, su ne sojan da aka sallama yakan nufa in bai koma ƙauyensu ba. Abin da kofur ko saje ya dawo da shi ba shi da yawa: lambobin yabo, da takardar sallama, da littafin fansho, da jar dara, da hoto ɗaya ko biyu, sai kuma labarin da ke bakinsa. A nan kusa ne kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, mai buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kuma riƙa kawo labaran yaƙin da Hausa. Sa'adu Zungur, wanda shi ma ya yi zama a Zariya, ya yi waƙar Maraba da Soja don tarbar waɗanda suka dawo. Ke nan akwai rubutaccen abu da za a jingina kayan da shi.

Matsalar ita ce, duk abin da ke wannan hannu na uku kayan gado ne zalla. Tudun Wada ba ta da tsohuwar fada da za a mayar gidan tarihi, ba ta da ma'ajiyar sarauta. Lokaci kuma ya ƙure. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1944, an haife shi a 1926 ke nan, saboda haka kusan dukan kayan sun riga sun koma hannun 'ya'ya da jikoki. Daɗin daɗawa, doka ba ta rufe su sosai ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukuma ba, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Amma a wajen kayan sana'ar hannu, ta yi magana ne a kan waɗanda aka yi a ƙasar nan kafin 1918, ko waɗanda ake amfani da su a bukukuwan gargajiya. Takobin zamanin Yero ya shiga ciki. Lambar da aka buga a Ingila aka ba wani saje bayan 1945 ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba.

3.5 KWAMITIN AMINTATTU

Tun da babu fada, sai a nemi abin da zai yi aikin da fada ta yi a Argungu, watau wata hukuma da ba ta mutuwa, wadda ba a rabon gadonta. Dokar Nijeriya ta tanadi wannan. A ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 1990, wadda aka maye gurbinta da ta 2020, jama'ar wani wuri na iya zaɓen mutane su yi musu rajista a matsayin amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Da zarar an yi haka, kwamitin yana iya mallakar fili da gini da kaya da sunansa. In ɗaya daga cikinsu ya rasu sai a naɗa wani, dukiyar ba ta motsa ba. Ba a raba kuɗin shiga tsakanin mambobi, kuma ko da kwamitin ya rushe, kayan suna komawa ne ga wata ƙungiya mai irin manufarsa. Dokar 1979 ta ba Hukumar Gidajen Tarihi ikon amincewa da gidan tarihin da wasu suka kafa na kansu, da ikon janye amincewar. Bindiga kuwa, ko da ta gargajiya ce, ajiye ta yana bukatar izinin 'yan sanda.

Takardar rajista ita kaɗai ba za ta sa tsohuwa ta fito da lambar mijinta daga cikin adaka ba. Abin da zai fi shiga kunnen mutanen Tudun Wada shi ne harshen fiƙihu, domin sun san bambancin waƙafi da ajiya da aro. Wanda ya ba da abu waƙafi ya fitar da shi daga dukiyarsa har abada, ba a sayarwa, ba a gada. Wanda ya ba da ajiya ko aro kuwa yana nan a matsayin mai shi, yana iya karɓa in ya so. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai a wajen kayan da magada da yawa ke da haƙƙi a kai, domin mutum ɗaya ba shi da ikon yin waƙafi da abin da ba nasa shi kaɗai ba. A irin wannan hali ajiya ce mafita, a rubuta sunayen magadan duka, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Kuma duk abin da aka karɓa sai a shigar da shi littafi nan take, da sunan sojan, da lambarsa ta aiki, da bataliyarsa, da inda ya yi yaƙi, da abin da iyalinsa suka ji daga bakinsa. Lambar da ba ta da wannan bayani ƙarfe ne kawai. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda doka ta kafa a 1964, ita ce ta fi kowa sanin gidajen da za a fara sallama.

Saura maganar abin da za a rubuta a jikin kayan, wadda ta fi wuya a Zariya bisa ga Argungu. Kabawa labari ɗaya suke bayarwa, na garin da ya kare kansa. A Zariya kuwa labaran suna karo da juna. Dawakin Zazzau na ƙarni na 19 sun kare birni daga harin Ningawa, amma kuma su ne suka riƙa kai hari kudancin ƙasar don kamo bayi, kuma jikokin waɗanda aka kai wa harin suna zaune a Tudun Wada da Sabon Gari, da yawansu ma sun yi aikin soja. Haka nan rundunar da ta yi suna a Bama ita ce magajiyar wadda ta fasa ganuwar Kano, ta kuma yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Kwamitin da aka cika da mutanen gida ɗaya zai rubuta rabin labarin ne, sauran jama'a kuma su riƙe kayansu. Saboda haka tun wajen zaɓen amintattu ya kamata a sami wakilin fada, da na tsofaffin sojoji, da na masallaci da na coci, da mace daga iyalan mazan jiya, tun da yake galibi a ɗakin mata irin waɗannan takardu suke, sa'an nan da malamin tarihi daga Jami'ar Ahmadu Bello wanda zai riƙa duba kowane bayani kafin a manna shi.